Jan Layi a Kan Dubu Huɗu

A layin garejojin Madina, idan ka ce kana neman Barau sai an tsaya tunani. Amma ka ce Barau Mai Kunne, ko mai sayar da shayi zai nuna maka ƙofar. Ba wai kunnuwansa manya ba ne, ƙanana ne ma, a manne da kai. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Mota za ta shigo, mai ita bai gama sallama ba, Barau ya riga ya faɗa masa abin da ya kawo shi. Shekararsa sittin da ɗaya yanzu, ashirin da bakwai daga ciki a wannan gari ya yi su, bisa takardar aiki da ake sabunta masa duk shekara.

Mutumin Funtuwa ne. Can ya koyi aiki a hannun wani bakanike mai zafin rai, Haladu, wanda ke da salon koyarwa irin nasa shi kaɗai. Sai ya sa almajiran aikinsa su juya wa mota baya, ya tayar da ita, ya ce kowa ya faɗi ciwonta. Wanda ya faɗi daidai ba yabo. Wanda ya kuskure ranƙwashi. Barau ya sha ranƙwashi har tsakiyar kansa ta daina jin zafi, amma ya fito da abin da sauran ba su samu ba. Yana iya bambance ƙarar bawul da ta fistin daga tsallaken titi, kuma idan inji yana gudu, zai gaya maka zagaye nawa yake yi a minti ɗaya, ya kuskure da ɗari ko ɗari biyu kawai.

Da wannan kunnen ya zo Madina, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya gina wa matarsa Lami gida a Funtuwa, shi kuwa yana kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Harra ta Gabas. Daga baya zamani ya juya. Motoci suka koma masu kwamfuta, samarin gareji suka koma soka waya a ƙarƙashin sitiyari suna karanta ciwon mota a allo. Barau bai taɓa ɓoye raininsa ga wannan aiki ba. Yakan ce wanda sai agogo ya gaya masa inji na wahala, to ba bakanike ba ne, mai karatun allo ne. Aka bar masa tsofaffin motoci, shi ma haka yake so.

Abin da ba wanda Barau ya gaya wa shi ne, kunnen ya tafi. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Shekaru arba'in na guduma da injin iska da salansa a buɗe suka yi ta gutsurarsa. Na hagu ya mutu murus. Na dama yana kama murya mai kauri idan an matso, amma duk wani sauti mai tsini ya ɓace masa, har kukan tsuntsu. Kuma ƙarar injin da ke neman wuce iyaka, sauti ne mai tsini.

Madina gari ne mai sauƙin ɓoye kurumta ga baƙo. Idan Balarabe ya yi masa magana bai ji ba, sai a ce har yanzu Larabcin Barau bai nuna ba. Idan yaran Hausawan da aka haifa nan suka yi masa magana bai ji ba, sai ya hau su da faɗa, wai Hausarsu ce ta lalace. Lami kuwa in ta kira, laifin layin waya ne. Ya ƙware a kallon leɓe, da gyaɗa kai, da cewa "tayyib", wato "to", a inda ya dace. A wurin aiki sai ya dogara da tafin hannu da tafin ƙafa, yana jin rawar inji a jikinsa, yana karkata kai gefe kamar mai saurare. Tsoronsa ɗaya ne, kuma da shi yake kwana yake tashi: ranar da za a gane Mai Kunne ba ya ji. Ba korar aiki ce ta fi damunsa ba. Bai san wane ne shi ba idan an cire wannan sunan.

Cikin tsofaffin motocin da ke hannunsa akwai guda da ya fi ƙauna. 'Yar ƙarama ce, ruwan madara, ƙirar Turai, ta haura shekara hamsin. Injinta silinda huɗu ne, amma ba a jere suke ba, biyu nan biyu can, a buɗe kamar yatsu biyu. Gajere ne, dunƙule, kana iya rungumarsa. Mai motar shi ne Alhaji Balarabe na unguwar Bani Harisa, ɗan ƙasa ne, kakansa ya tako da ƙafa daga Kano bai koma ba. Shekara ashirin Alhaji yana kawo ta wurin Barau duk wata, ko lafiyarta lau, su sha shayi su yi gardama. A shekarunsa na ƙarshe ya koyi wata ɗabi'a ta ɗaga murya kamar mai kiran kasuwa, yana cewa tsufa ya toshe masa kunne. Barau yakan tsokane shi a kan haka, a ransa kuwa yana godiya.

Motar ba ta da agogon da ke nuna zagayen inji, malejin gudunta ma ya mutu tun tuni, ba wanda ya damu ya gyara. Dokar Barau ce ke tuƙa ta. Ya gaya wa Alhaji tun farko cewa lokacin da take sabuwa tana iya ɗaukar zagaye dubu biyar da ɗoriya, amma yanzu sifirin ɗin bawul sun gaji, ga zafin Madina, don haka dubu huɗu ya ishe ta. Idan aka wuce, bawul ba za su samu lokacin rufewa ba, fistin zai taso ya tarar da su a hanya. Kuma kada a matsa mata tana sanyi, kada a bar ta tana nishi a babbar giya. Alhaji ya tambayi yadda zai gane dubu huɗu ba agogo. Barau ya ce ya saurara, muddin tana gurnani to lafiya, da ta fara siririn kuka irin na injin markaɗe, a canja giya.

Kowace Juma'a da sassafe Alhaji kan ɗauki matarsa, Hajiya Sharifa, su tafi gonakin bayan gari su sayo na'ana'a ɗanya da dabino. Haka suka yi shekara arba'in da wani abu. Da ya rasu aka lulluɓe motar da tamfol a ƙofar gida. 'Ya'yan maza duk masu manyan motoci ne masu canja giya da kansu, ba wanda ya san inda kuloci yake. Shekara biyu tana nan, kyanwoyi na haihuwa a ƙarƙashinta.

Sai wata rana Hajiya ta aika a kira Barau. Ya tarar da ita zaune a tsakar gida da sandarta, kusa da ita jikarta Sundus, ma'aikaciyar kantin magani, mai shekara ashirin da tara. Sundus tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar da amsa, a hankali, ido a ƙasa.

"Malam Barau," in ji Hajiya, "na gaji da na'ana'ar leda. Wannan ta ce za ta koyi motar kakanta ta riƙa kai ni. Kai za ka tashe ta, kai za ka koya mata."

Barau ya kalli leɓenta har ta gama. Ya ce, "An gama, Hajiya."

Sati uku ya yi a kanta. Ya wanke tanki da kafireta, ya sa sababbin filogi, ya juye baƙin mai, ya share lagireto. Da ya ga robobin da injin ke zaune a kansu sun farfashe, sai ya nemo sababbi masu laushi ya sa. Aiki ne mai kyau, kowane bakanike na kirki haka zai yi. Da ya tayar da ita, rawar nan da ke ratsa kujera ta hau ƙashin baya ta ɓace, mota ta yi lumui. Ya ji daɗin aikinsa ƙwarai. Bai tsaya ya tuna cewa wannan rawar ce ta rage masa a madadin kunne ba.

Wani saurayin gareji ya ce masa ko a sa mata ɗan agogon zagaye, tunda sabuwar hannu za ta tuƙa. Barau ya yi masa kallon da ya sa ya koma bakin aikinsa.

Sundus ta koyi kuloci a fili cikin kwana huɗu, giya ta ɗaya kawai, tana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ranar Juma'a suka fito da sassafe, tituna fayau. Sundus a sitiyari, Barau a gefenta, mataccen kunnensa yana fuskantarta, Hajiya a baya da kwandonta. Kafin su tashi ya ɗaga yatsa.

"Ki ji ni da kyau, jikar Alhaji. Kada ki canja giya sai na ce. Ni zan saurara, ke ki kalli hanya."

Ta ce to.

Cikin unguwa komai ya tafi daidai, don a ƙaramin titi ido ma yana auna gudu. Ya ce ta biyu, ta sa ta biyu. Suka hau babban titi mai layi huɗu, wanda ke ɗan hawa a hankali, ba gida ba bishiya kusa da za su nuna wa mutum yadda yake gudu. Barau ya sunkuyar da kai yana duba ko ta ɗauke ƙafa daga kuloci, don halin sababbin direbobi ke nan. A kunnensa na dama gurnani kawai yake ji, can ƙasa, lafiyayye. Kujera ba ta gaya masa komai ba. Ya ce, "Ƙara mata wuta, hawa ne."

Ta ƙara. Injin ya bar gurnani ya shiga siririn kukan nan. Sundus ta ji shi har cikin haƙoranta, ta san ba daidai ba ne, amma dattijo ya ce sai ya ce, kuma wannan dattijon Mai Kunne ne. Ta tambaya da Larabci, da muryarta ta kullum, "Baffa, in canja?" Bai motsa ba. Ta ɗauka shirun nan amsa ce. Daga kujerar baya Hajiya ta ce, "Malam Barau, tana kuka." Ta sake faɗa da ƙarfi. Ga shi zaune, kai a karkace, fuska a natse, yana sauraren abin da ba ya ji.

Abin da ya fara isa gare shi shi ne fizga. Motar ta yi tuntuɓe, ta yi tari, wani abu ya buga a cikin inji har ya ji a tafin ƙafarsa. Ya ɗago ya ga fuskar Sundus, ya ga leɓenta na motsi, ya waiwaya ya ga Hajiya riƙe da kujerarsa baki buɗe. A nan ya gane sun daɗe suna yi masa magana.

Suka gangara gefen titi. Ya buɗe bonet, ya tsaya. Ba ya buƙatar kunne don sanin abin da ya faru. Sundus ta fito tana hawaye tana ba da haƙuri, wai ita ta kashe motar kakanta. Ga hanyar tsira nan a buɗe, kuma Allah ya sani Barau ya kalli hanyar. Da ya yi shiru kawai, ya ce sabon hannu ne, ba komai, za a gyara, shi ke nan an wuce wurin, har a yaba masa haƙuri. Sai dai yarinyar ba za ta sake taɓa wannan sitiyarin ba, ya gani a idonta. Hajiya kuma za ta koma na'ana'ar leda har ƙarshen ranta.

Ya zagaya wajen tagar baya, ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba.

"Hajiya, ba laifinta ba ne. Ni ne ban ji ba." Ya nuna kunnensa. "Ba na ji. Shekara biyar ke nan ko fiye."

Hajiya ta matso kusa da taga. Sannan ta yi masa alama ya juyo da kunnen dama, ta ɗaga murya daidai yadda marigayi yake yi.

"Alhaji ya sani. Kana tsammanin kunnensa ne ya toshe? Mutumin da ke jin an buɗe firij daga ɗakinsa? Don kai yake ihun nan. Ya ce mini kada wanda ya kuskura ya nuna maka an gane." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na ɗauka maganar mutane ce kaɗai ta ɓace maka, ban san har da ta mota ba. Da na gaya wa yarinyar nan. Kunyarka na ji."

Barau ya dafa rufin motar. Ya tuna shekarun nan da yake yi wa Alhaji dariya yana kiransa kurma, Alhaji na dariya tare da shi. Kunya ta kama shi, da kewa, da wani irin sauƙi da bai yi tsammani ba. Ya yi kuka a bakin titi, tsoho da shi, manyan motoci na wucewa.

Da ya buɗe injin a gareji ya tarar an yi sa'a. Sanda ɗaya cikin masu tura bawul ta lanƙwashe, bawul ɗaya ya karkace, a kan fistin akwai ɗan tabo kamar na farce. Da an ƙara daƙiƙa biyar da sai dai a sayar da ita ga masu awon ƙarfe. Kayan irin wannan injin ba a samunsu a kanti, amma Alhaji mutum ne mai ajiya. Sundus ta binciko wani gwangwanin madara a saman kabad ɗinsa, cike da sanduna da bawul da sifirin, kowanne a naɗe da tsohuwar jarida mai maiƙo.

Ranar da ya gama haɗawa, Barau ya kira saurayin nan da ya harara, a gaban kowa ya ce ya kawo agogon. Kowa ya zuba masa ido. Ya ce, "Ku daina kallona haka. Kunnen ya tafi, ku riƙa zuwa ta dama." Ba wanda ya yi dariya. Zakiru mai walda, mutumin Damagaram, ya ce daman ta dama suke zuwa, ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da aiki. A ranar Barau ya kira Lami, ya gaya mata layin waya ba shi da laifi.

Ya ɗaura agogon a gefen sitiyari, ɗan ƙarami mai baƙar fuska. Jan layin da ya zo da shi yana can wajen dubu shida, na sababbin motoci ne. Barau ya ce wannan ƙarya ce a wurin tsohuwar mota. Ya roƙi Sundus jan farce, ya sunkuya da gilashin idonsa, ya ja siririn layi a kan dubu huɗu da hannunsa.

"Wannan shi ne ni yanzu," ya ce mata. "In allura ta taɓa shi ki canja, ko na ce ko ban ce ba. In kuma kunnenki ya gaya miki wani abu kafin allura, ki bi kunnenki. Kada ki sake yin shiru don ni."

Ta ɗago ido ta kalle shi, ta ɗaga murya, da Hausarta mai karyewa ta ce, "Na ji, Baba."

Juma'a ta zagayo, suka sake fita su uku. Barau ya sauke abin tare rana na gabansa, ya gyara ɗan madubin yadda zai ga kujerar baya. Suka hau wannan titin mai hawa. Allura ta tashi, dubu biyu, dubu uku, ta doshi jan layin, kafin ta taɓa shi Sundus ta taka kuloci ta sa ta uku, allura ta faɗo. Ya ɗora tafin hannu a gaban motar, bai ji komai ba sai ɗumi. Shekara arba'in da biyar mutane ke tambayarsa yadda inji yake, bai taɓa tambayar kowa ba. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, muryarta ta dawo kuwa? Irin ta hannun Alhaji?"

A madubi ya ga tsohuwar ta rufe ido, kwando a cinya, ta karkata kai gefe. Ta daɗe a haka, har Sundus ta sa ta huɗu. Sannan leɓunanta suka motsa, kalma biyu: ta dawo. Bai ji su ba, amma ya gani, kuma ya yarda da ita. Ya ɗauke hannunsa ya jingina da kujera, ya bar su suka kai shi gonar na'ana'a.